Wayar da Ta Ƙi Kuka

Zuwa ga ɗan ƙanwata, wanda ake ce wa Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da kai da maiɗakinka da yara. Ni dai da sauƙi. Gwiwar hagu tana nan da halinta, ta dama ma ta fara koyi da ita, ido kuma yana ganin abin da ya ga dama. Tela na bakin titi ne yake rubuta mini wannan takarda kamar yadda ya saba, don ka san ni ban zauna a aji ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Na gaya masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi mini gyaran baki.

Direba ya kawo saƙonka. Na buɗe kwali na tarar da waya, 'yar mitsitsiya kamar sabulun wanka da ya kusa ƙarewa. Na gode, Allah ya yi albarka. Ka ce ka sa mata layi, ka ce uwarka tana son magana da ni, in zauna in jira kira. To na zauna. Yau kwana goma sha biyu ke nan, ko tari wayar nan ba ta yi ba. Idan wannan ne ilimin da aka tura ka nema shekara da shekaru, to da an bar ka a gida ka koyi gyaran keke, da yanzu ana cin moriyarka.

Maganar uwarka kuwa, bari in tuna maka, tunda ku 'yan boko sai abin da ke kan takarda kuke riƙewa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ranar da dangi suka taru a tsakar gidan nan, ina ba yara labarin yadda kakanka ya ɗauko ƙyauren ƙarfen ƙofar gida a bayansa, tun daga wurin maƙeri har nan, bai sauke ba. Ina da shekara bakwai, ina bin sa a baya riƙe da takalmansa. Sai Auta, uwar taka, ta tuntsire da dariya a gaban surukai da jikoki, ta ce, "Yaya, a amalanke aka kawo shi. Rabin labaranka kai kake ƙera su." Ita da take goye a bayan Inna a lokacin, ko haƙori ba ta da shi! Ni da na san ranar haihuwar kowa a gidan nan, na san wanda ya haƙa rijiya da wanda ya faɗa cikinta, ni ne yau maƙaryaci. Tun ranar ban ƙara ce mata uffan ba, ita ma ba ta zo ta ce ta yi kuskure ba.

Idan yanzu ta ga dama, bismilla, kunnena a buɗe yake. Amma ka sani ni ba zan kira ba. Ni ne babba, kuma ita ta yi laifi. Ta kira, ta faɗi abin da ya kamata ta faɗa, shi ke nan magana ta wuce.

Ka gaida yara. Ka ce wa maiɗakinka man zafin da ta aiko ya fi wayarka aiki.

Kawunka.


Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarka, mun yi murna da jin kana lafiya. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Mu ma lafiya ƙalau, sai dai Mama da jikin tsufa. Ta fara yawan mantuwa kwanan nan, shi ya sa nake so ku yi magana da wuri.

Kawu, wallahi kullum ina kira idan na taso daga aiki, tsakanin la'asar da magariba. Mama tana zama kusa da ni tana jira. Sai a ce ba a samun layin. Ina ganin matsalar sabis ce. Gidan nan bangonsa da kauri, rufinsa kuma kwano ne, irin wannan yana tare sabis. Don Allah ka sa Tela ya karanta maka waɗannan a hankali. Ka kashe wayar ka sake kunnawa. Idan ba ta yi ba, a buɗe bayanta a cire sim a goge shi da tsumma mai tsabta a mayar. Sannan ka fito tsakar gida da ita, ka duba saman gilashin ta gefen hagu, akwai wasu 'yan sanduna a jere. Idan ɗaya ne ko babu, sabis ya yi rauni.

Na kuma yi magana da wani mai gyaran waya a kasuwarku, zai zo ya kafa maka eriya a kan rufi da 'yar na'urar da ke ƙara ƙarfin sabis a cikin ɗaki. Ka bar shi ya yi aikinsa, don Allah kada ka kore shi.

Mama ta ce a gaishe ka. Da bakinta ta faɗa.

Ɗanka.


Zuwa ga Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Jiki da sauƙi, sai mura da ta kama ni saboda tsayuwa a tsakar gida da waya a hannu kamar mai jiran tsuntsu ya sauka. Wannan ma a cikin alherinka ne.

Na kashe, na kunna. Na cire ɗan abin nan mai kamar farce na goge shi da gefen rigata har ya yi ƙyalli. Na ƙirga sandunanka, wani lokaci biyu, wani lokaci ɗaya, kamar haƙoran tsohuwa.

Mutuminka ya zo ranar Laraba. Wando a saɓule, gashi kamar an yi gobara an kashe da ƙasa, ga wani abu a toshe a kunnensa, ina gaishe shi yana magana da iska. Ya karɓi wayar ya ɗaga ta sama yana zagaya gidan, ɗaki ɗaki, kamar mai neman inda rufi yake yoyo. Ya ƙwanƙwasa bango ya ce wai ya yi kauri da yawa. Bangon da kakanka ya ɗora da hannunsa, wanda ya ga ruwan shekarar da gadar kasuwa ta karye bai ko tsage ba, shi ne wani yaro da bai iya ɗaure wandonsa ba yake ba shi laifi. Daga nan ya ce a sare reshen bishiyar tsakar gida. Na ce masa idan ya taɓa ganye ɗaya, da tsaninsa zan raka shi har titi. Ya bar maganar sara.

Ya hau rufi, ya lotsa mini kwano biyu, ya kafa wani dogon ƙarfe da wani abu a kansa kamar ƙayar kifi. Ya zuro igiya ta taga, ya manna wani ɗan akwati mai koren ido a bangon ɗakina, daidai inda hoton Baba yake, sai da na sa ya matsar. Ya nuna mini sanduna huɗu cif. Ya kira da tasa wayar, tawa ta ƙwalla ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, har na zabura. Ya ce, "Baba, an gama." Na ce ni ba babansa ba ne, da ni ne da ya san inda ake ɗaure wando. Ya tattara ya tafi.

To tun da ya fita daga gidan nan, yau kwana goma sha shida, shiru kake ji. Wayar da ta yi wa baƙo kuka ta ƙi yi wa ɗan gida. Saboda haka ni na gano inda matsalar take, ba sai na je jami'a ba. Ba a kira ne. Kai kana so ka shirya mu, ita kuma girman kai ya hana ta, shi ne kake ɗora wa bango da kwano laifi don ka rufa mata asiri. Kai ɗa ne, ban ga laifinka ba, amma ka daina mai da ni yaro.

Ka ce wai ta fara mantuwa. Na yi dariya har Tela ya ajiye biro. Wannan tsohuwar dabararta ce. Tun tana ƙarama, idan aka aike ta ta tsaya wasa, sai ta dawo ta ce ta manta abin da aka aike ta. Yanzu kuma za ta manta abin da ta faɗa mini a gaban mutane, ko? To ni ban manta ba. Na san zanin da ke jikinta ranar, na san wanda yake zaune a damanta. Idan tana bukata sai in karanto mata.

A gaida yara.

Kawunka.


Kawu,

Barka da war haka. Ina fatan murar ta sake ka. Yara suna gaishe ka.

Laifina ne da ban fito maka da maganar fili ba, ina jin nauyi ne. Ba dabara ba ce, Kawu. Mun kai Mama asibiti sau uku. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, irin wanda ba ya komawa baya, kullum gaba yake yi. Makon jiya ta ɗora tukunya babu ruwa a ciki. Shekaranjiya ta tambayi matata ko 'yar wace ce. Amma kai ba ta manta ka ba. Da la'asar ta yi sai ta jawo kujera ta ce, "Kira mini Yaya." Ina kira sau biyar, sau shida, tana kallon bakina. Idan na ce bai shiga ba sai ta ce, "Fushi yake yi har yanzu." Likita ya ce idan akwai wanda take son magana da shi, a yi yanzu.

Na kira wayar Tela sau biyu don ya miƙa maka, ya ce ka ƙi karɓa. Don girman Allah, Kawu, idan taka ta ƙi, ka karɓi tasa. Ko ka sa shi ya danna maka lambata a taka, tana ciki, ita kaɗai ce ma.

Mai gyara ya rantse mini ya bar sabis a cike. To ko kana kashe ta ne ba ka sani ba? Ko kana barin ta babu caji? Ko dai ka ajiye ta wani wuri ka manta, ko wani ya ɗauke? Ka duba mana.

Ɗanka.


Zuwa ga ɗan ƙanwata,

Na amsa gaisuwa. Mura ta tafi, ciwon da takardarka ta sa mini ne bai tafi ba.

Ni zan ajiye abu in manta? Ni za a shigo ɗakina a ɗauke abu ban sani ba? Kai da ka taɓa zuwa hutu gidan nan ka ɓatar da takalminka ƙafa ɗaya, muka kwana uku muna nema, ashe yana cikin randa, yau kai ne kake tambayata ko na san inda kayana suke.

To ka saurara. Kyautar da ɗan ƙanwata ya aiko mini ba abin yasarwa a kan tabarma ba ce. Tun ranar da ta zo na ba ta wurin da ya fi kowane wuri daraja a gidan nan. Tana cikin akwatin ƙarfen Baba, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa da shi, mai murfi kamar ƙofar kurkuku. A ciki takardar gidan nan take, da agogonsa, da tabaran Inna, da makullin tsohon shagonmu. Na naɗe ta a cikin ƙyalle, na kwantar da ita kusa da agogon, na rufe na sa kwaɗo, na tura ƙarƙashin gado. Ƙura ba ta ganin ta, ɓarawo ba ya ganin ta, ɓera ma sai dai ya ji labari. Kullum da sassafe ina fito da ita in ba ta wuta, ina tsaye a kanta har ta ƙoshi, in mayar. Ga ta da ci kamar gara, kafin gari ya sake wayewa ta shanye. Wannan ma ka tambayi mutuminka mai saɓulallen wando, wataƙila ya musanya mini batir.

Kuma kada ka ce ko ta yi kuka ban ji ba. Daga la'asar har magariba ina zaune a kan gadon nan, daidai saman akwatin. Na daina zuwa majalisar ƙofar shagon mai shayi saboda haka, har suna cewa ko na yi sabon aure ne. Rediyo ma kashe shi nake yi. Agogon Baba da ya shekara talatin bai motsa ba, da zai motsa da na ji, balle wannan mai muryar kyanwa.

Wayar Tela kuwa, a'a. Wayar da ake ta ciniki a kanta, wannan ta ce an ƙuntata mata hannun riga, waccan ta ce an ci mata yadi, ita zan kara a kunnena a bakin titi, masu babur suna wucewa, in yi maganar da na shekara goma sha ɗaya ina jira? Ina da tawa, a ɗakina, a gidan ubana. Maganar in danna lamba kuma na riga na ba ka amsa.

Abin da likita ya faɗa na ji. Likitocin yanzu idan mutum ya yi atishawa sai su ba abin suna. A gidanmu ba a mantuwa. Inna ta kai casa'in tana ƙirga jikokinta da sunayensu. Ku ba ta abinci mai kyau, ku daina barin ta ita kaɗai gaban talabijin.

Ka ce mata ina zaune.

Kawunka.


Kawu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A cikin akwatin ƙarfe? A rufe, da kwaɗo, a ƙarƙashin gado?

Kawu, sabis ba ya ratsa ƙarfe! Ko hasumiyar kamfanin aka dasa a tsakar gidanka, wayar da ke cikin wannan akwati ba za ta yi ƙara ba. Shi ya sa batir yake ƙarewa, tana ta neman hanya ne ba ta samu. Da sassafe da kake fito da ita ni ina hanyar aiki, Mama tana barci. Wata biyu muna neman laifi a kan rufi, ashe yana ƙarƙashin gadonka. Ko ɗan firamare ya san wannan.

Wata biyu, Kawu. Ka san abin da wata biyu yake nufi a wurin Mama yanzu? Komai kai sai ka kulle ka zauna a kai. Ka kulle waya kamar yadda ka kulle magana ɗaya shekara goma sha ɗaya, a kan ƙyauren da ko a baya aka kawo shi ko a amalanke, yana nan dai a ƙofa.

Ka fito da ita yau. Ka ajiye ta a kan taga kusa da na'urar nan. Shi ke nan gyaran, babu wani.

Ɗanka.


Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Direba ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ya kuma ce ya gan ka a ƙofar gida lafiyarka ƙalau. Yau mako bakwai ke nan babu amsa, layin kuma har yanzu ba ya shiga.

Na yi maka rashin kunya a waccan takarda. Raina ne ya ɓaci, amma wannan ba hujja ba ce. Ni ɗanka ne, ka yafe mini. Idan hukunci ne, ni ya kamata ya hau, ba ita ba.

Mama ta daina jawo kujera. Wajen mako uku ke nan ba ta ce a kira ka ba. Ni ma yanzu wani lokaci "malam" take ce mini, ta tambaye ni ko na ga Innarta. Jikinta lafiya, tana ci tana sha, amma kamar kullum ana kwashe kayan ɗaki ne ɗaya bayan ɗaya.

Ban daina kira ba. Kullum bayan la'asar, sau uku. Zan ci gaba.

Ɗanka mai neman afuwa.


Zuwa ga ɗana,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, gwiwa ce dai. Na yafe maka, ko da yake maganar ɗan firamare tana nan, ban jefar ba.

Ba zan ɓoye maka ba. Takardarka ta maganar akwati da Tela ya karanta, na ce ƙarya ce. Murya da take tahowa daga gari mai nisa, ta haye duwatsu da koguna, wai akwatin Baba ne zai gagare ta? Na ce ka rasa abin faɗa ne ka koma zagin kayan kakanka. Na bar wayar a ciki da gangan, ina jira ta yi kuka a can don in aiko maka da labari ka ji kunya. Mako bakwai ina zaune a kan gadon nan ina jiran in ci gardama.

Da ta neman afuwar ta zo, Tela ya karanta ya kai wurin kujera, sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya ce, "Tsoho, shekara ashirin ina rubuta maka takarda ban taɓa sa baki ba. Yau zan sa. Tashi mu je." Ya rufe shago da rana tsaka, ga ɗinkin mutane a kan keke. Bai taɓa shiga ɗakina ba sai ranar. Na jawo akwatin da kaina. Ya ce in bar ta a ciki, ya kira. Shiru. Ya ce in buɗe in fito da ita, ya sake kira. Ta ƙwalla ƙara a tafin hannuna. Na ce a sake. Muka mayar, shiru. Muka fito da ita, ƙara. Sau huɗu na sa aka yi. A na huɗun Tela ya ce, "Ko a kira maƙeri ya zo ya ba da shaida?" Ya ce in rubuta maka cewa kai ne da gaskiya. To ga shi ya rubuta da hannunsa, ni ban faɗa ba.

Sauran ka san rabinsa, tunda kai ka kira da la'asar ɗin ranar, Alhamis ce, Tela bai ko tafi ba, kai ka kara mata a kunne. Amma nata ka ji, ba ka ji nawa ba, kuma na ji kana ce mata, "Mama, Yaya ne fa, Yaya ne." Ba ka san abin da take magana a kai ba. Babu wanda ya sani a duniya sai ni, shi ya sa zan gaya maka.

Na yi sallama. Na shirya abin da zan faɗa tun shekara goma sha ɗaya, a jere yake a bakina. Sai na ji ta ce da wata 'yar murya, "Baba?" Na ce, "Auta, ni ne." Ta ce, "Baba, don Allah kada ka daki Yaya. Ba shi ya fasa ba."

Akwai wata fitilar kwalba da Baba ya sayo, ita kaɗai ce a layinmu, ba a yarda kowa ya taɓa ta ba sai ni, ni nake goge ta in zuba mata kananzir. Ina da shekara goma sha biyu, ita biyar. Wata rana da yamma na ɗaga ta daga saman kantar ɗaki, kwalbar ta rabe biyu a hannuna ta tarwatse a ƙasa. Baba ya yi mini dukan da na kwana uku ban zauna ba. Shekara sittin da 'yan kai ina ba da labarin nan, kai ma ka sha ji, ina cewa gaggawa ce ta sa na buga ta da bango. Har bangon ina nunawa.

Ta ce, "Ni ce na hau kujera zan taɓa, ta faɗo ta tsage. Na mayar na juya tsagin ta baya. Yaya bai sani ba. Baba, ni ce." Tana kuka irin na yara, tana jan numfashi.

Ni da na ce babu abin da ya faru a gidan nan da ban sani ba. Ban buga ta da bango ba, ɗana. Na zauna na duba abin a raina, babu bango a ciki. Ni na sa shi, don abin ya yi ma'ana.

Ta sake cewa, "Baba, ka ji?" Na duba Tela, ya juya baya yana kallon taga. Sai na gyara murya na ce, "Na ji, Auta. Kin kyauta da kika faɗi gaskiya. Kwalba ce, za a sayi wata." Ta ce, "Ba za ka dake shi ba?" Na ce, "Ba zan dake shi ba. Je ki wanke fuskarki." Ta ce to. Daga nan na ji ka karɓi wayar kana ta ba ni haƙuri, wai ba ta gane ni ba. Na kashe, amma ka sani ba fushi ba ne.

Mako bakwai da suka wuce da Yaya za ta ce. Wannan na sani, ba sai ka faɗa ba, kuma kada ka faɗa.

Yanzu ga abin da nake so. Na buga ƙusa a jikin taga na rataye wayar a cikin safa, sandunanta huɗu. Ƙayar kifin mutuminka tana nan a kan rufi, tsuntsaye sun samu wurin zama, ka gaya masa kwanona biyu suna jiran sa kafin ruwa ya sauko. Ka riƙa kira kullum bayan la'asar. Idan na ga ka makara, Tela ya nuna mini koren maɓallin, zan danna da kaina. Kuma ka daina yi mata gyara. Kai da iliminka ba ka san lokacin da ake yin shiru ba. Idan ta ce Baba, Baba ne, ni na san yadda yake magana, na san abin da yake kiran kowa, zan iya.

Idan kuma ta tambaye ka Yaya, ka ce mata yana nan tsakar gida yana wasa, ba a taɓa shi ba.

Kawunka.